Wai basira gado ce?

Ɗan Samaru:
Salam 'yan uwa. Wani a majalisarmu ta bakin get ɗin ABU ya dage wai ƙwaƙwalwa gado ce, in ubanka daƙiƙi ne kai ma sai haƙuri, wai gwajin IQ, wato na auna basira, ya tabbatar. Haka ne?

Malama daga Kongo:
Akwai gado a ciki kam, tagwaye masu kama ɗaya ko an raine su a gidaje daban makinsu yakan zo kusa. Amma abokinka ya zaƙe. Alfred Binet da ya fito da gwajin a Faransa a 1905 don gano yaran makaranta masu buƙatar taimako ya yi shi. Kuma wani masani James Flynn ya nuna makin ya yi ta hawa kusan 3 duk shekara 10 a Amurka, to jini ne ya canza da sauri haka? Ana ganin makaranta ce da abinci da lafiya.

Baban Tudun Wada:
Ni gwajin ma nake tuhuma wallahi, ka ba yaron da ya haddace izu 60 takarda da Turanci da hotunan da bai taɓa gani ba ka ce bai da kai, haba. Je Sabon Gari ka ga mai tumatir yana lissafin kwando da canji da ka, ba kalkuleta.

Maman 'yan biyu:
Malama ƙara da gubar dalma, irin ta Zamfara a 2010, tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Rashin aidin a gishiri ma haka. Shi mai musun aji nawa ya yi tukuna?