Mece ce "fascia" da Hausa?

1. Jama'ar Kumasi, kalma nake nema. Na raka Hajiyarmu wurin likitan gashin ƙashi saboda ciwon ƙugu, shekara da shekaru tana sunkuye a kan tukunyar shinkafa da wake a Aboabo. Likita ya ce matsalar tana iya zama a "fascia". Ni ne tafinta, sai na ce mata fashiya. Ta zaro ido: "Fashi kuma? A bayana?"

2. Ga abin da ake nufi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci ya ga farin abin nan mai sheƙi da ke lulluɓe da tsoka, wanda mai cicinga ke zura wuƙa a ƙarƙashinsa ya ɗaye kafin ya tsire nama. Mu ma muna da shi ko'ina a jiki. Na ƙugu shimfiɗa ce mai kauri, hawa-hawa, ta kama daga ƙashin baya zuwa ƙashin kwankwaso.

3. Da na tambaya, da yawa kun ce jijiya. Ban yarda ba. Jijiya ta riga ta ɗauki kaya fiye da kayayo masu dako a kasuwar Kejetia: hanyar jini jijiya, agara jijiya, mai kai saƙo ƙwaƙwalwa jijiya. Kuma da ka ce jijiya, mutum zai ga igiya ce ta ƙulle, sai a danne shi da gwiwar hannu a "warware".

4. Nan ne sunan ke da haɗari. A 2008 wani mai bincike, Chaudhry, da abokan aikinsa sun lissafa ƙarfin da ake bukata kafin a sauya siffar irin wannan abu mai kauri na cinya da tafin ƙafa ko da kashi ɗaya cikin ɗari, suka ga ya wuce abin da hannun mai tausa zai iya. Ba ƙullin fulawa ba ne da za a murza ya saki. Gwada jan na saniya da hannu biyu ka gani.

5. To me ya sa Hajiya ke jin daɗi in ƙanwata ta murza mata man kaɗe? A 2011 Helene Langevin ta Jami'ar Vermont a Amurka ta duba bayan mutane da na'urar sikanin, ta ga a masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu hawa-hawan nan ba sa zamewa a kan juna sosai, zamewar ta ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Tsakaninsu akwai ruwa mai yauƙi kamar kuɓewa, kuma wurin cike yake da jijiyoyin jin zafi. Tausa tana ɗumama wurin, zafi ya lafa na ɗan lokaci. Sauƙin gaskiya ne. Amma ba a sake ɗinkin rigar ba.

6. Wani malami daga Asawase ya kawo kalmar "yana". Ta yi laushi, Malam, yanar madara ce ke zuwa a rai. Wani dattijon mahauci kuwa ya yi mini dariya: "Ɗana, tantani ne, tun kakanninmu." Na ce Baba, tantani na yagewa da farce. Ya ce, "Na kalangu fa? Yini ake ana dukansa."

Ya kashe bakina.

7. Saboda haka na tsaya a tantanin tsoka. Na ƙugu kuma ina son mu ce ɗamarar baya, don a Latin ma kalmar tana nufin ƙyallen ɗauri ne. Na gwada wa Hajiya jiya da daddare. Ta dafa bayanta ta ce, "To, a gaya wa likita ɗamarar ta ɗaure da yawa." Sannan ta tura ni in kira ƙanwata da kwalbar man kaɗe.