Neman shawara: siket ɗin satin da zan riƙa sawa kullum a Kumasi

Mai Jego (Aboabo): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ban daɗe da haihuwa ba, kuma tiyata aka yi mini, har yanzu wurin ɗinkin ba ya son matsi. Siket ɗin atamfata masu zif duk sun ƙi shigata, wanda ya shiga kuma daidai kan tabon yake zama, kafin azahar na gama galabaita. Zani in na ɗaure shi tamau ya dame ni, in na sassauta ya nemi kwancewa a hanya. Ga shi farkon wata zan koma aiki a Adum.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ya faru wurin sunan ɗiyar ƙanwar maigidana a Akwatia Line. Na sa wata doguwar riga da na ɗinka tun ina da ciki, don ita kaɗai ce ta sake mini. Yayar maigidan ta dube ni gaban mata ta ce wai ashe har yanzu ban sauke cikin ba. Aka yi dariya. Wannan baiwar Allah fa, da ta kwanta asibiti ni nake dafa mata abinci, da tsohon cikina ina hawa pragya, keken nan mai ƙafa uku, ina kai mata. Da na haihu sai bayan suna ta leƙo, hannu rabbana. Na faɗa wa maigidan, ya ce in share, haka halinta yake. Uwar mijina tana wurin, ba ta ce uffan ba. To a wurin sunan ne na ga wata baƙuwa daga Accra da siket ɗin satin har ƙasa, da doguwar riga a sama da mayafi, ya zauna mata lafiya lau ba matsi. Tun ranar raina ya biya.

Guda ɗaya mai kyau nake so, in je aiki da shi, in je makaranta Asabar da Lahadi, in an yi suna ko walima in canza riga kawai. Wane iri zan nema? Roba ko zif? Yana da zafi?

Amaryar Tafo: Wa alaikumus salam. Allah ya raya, ya ƙara miki lafiya. Amma Yaya ba ki faɗi nawa kika ware ba, da kalar da kike so, da irin aikin da kike yi. Zama kike yi ko tsayuwa?

Anti Tela (Asawase): 'Yata, saurare ni da kyau, don wannan aikina ne. Abu na farko da mutane ba su sani ba, satin saƙa ce, ba zare ba. Ana barin zare ɗaya ya haye kan zare 4 ko fiye kafin ya nutsa, shi ya sa fuska take sheƙi baya kuma ba ya yi. Shi ya sa kuma ƙaramin abu yake jan zarensa: zobe, farce, bakin ƙarfen kujerar trotro, motar haya. Zaren da aka saƙa shi da shi kuwa yana iya zama siliki, ko biskos (zaren da ake yi daga itace), ko foliyesta, har da auduga. Yawancin wanda za ki gani jibge a kasuwar Kejetia foliyesta ne, kuma foliyesta ba ya shan gumi. Ki sa shi a watan Fabrairu ko Maris ki taka daga tasha zuwa Adum, za ki ji gumi na bin ƙafarki. Biskos ya fi sanyi nesa ba kusa ba, sai dai yana yamutsewa, yana raguwa a wankin farko, kuma in ya jiƙe ba shi da ƙarfi, ba a murɗe shi.

Kada ki yarda da bakin mai shago. Ki ce ya yanko miki ɗan ƙyalle, ki sa masa ashana. In ya narke ya dunƙule ya yi tauri, foliyesta ne. In ya ci da wuta yana warin takarda, biskos ne ko auduga. In ya yi warin ƙonannen gashi, tokar ta murmushe a yatsa, siliki ne, kuma kuɗinsa ma zai gaya miki.

Na yau da kullum, ki nemi mai ɗan nauyi wanda bayansa kiref ne, wato mai ɗan kaushi marar sheƙi, sheƙinsa a kwance. Kala mai duhu: shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa, kore mai duhu, ko baƙi. A yanka shi ya buɗe ta ƙasa, gaba a shafe, roba mai faɗi a baya kawai, ƙugun ya hau sama da cibiya don kada ya taɓa tabon. Tsawo ya tsaya a idon sawu, kada ya share ƙasa, kin san jar ƙasar garin nan da damina. Wannan shi ne magana.

Hajiyar Alabar: Ni dai ban ga abin da ya kai mai jego ga satin ba. Yadi ne mai bin jiki, iska na kaɗawa ya zana mutum gaba da baya. Atamfa me ta yi? Ga ta kamfanin GTP na Tema, ga ta kamfanin ATL na Akosombo, auduga ce, tana shan gumi, tana jure wanki. Tun 2004 gwamnati ta fito da tsarin sa kayan gida ranar Juma'a, har ma'aikatan banki suna sawa. A ɗinka miki siket ɗin atamfa da roba, magana ta ƙare. Matar ɗana haka ta cika sif da waɗannan masu ƙyallin, atamfofin da na zuba mata a lefe ko ɗinka su ba ta yi ba, suna nan a akwati. In na yi magana a ce na sa mata ido. Ni da kuɗina na saya, ba roƙo na yi ba.

Mai Jego (Aboabo): Hajiya na gode, amma hijabina har gwiwa yake, ba abin da zai fito. Atamfa ina da ita, ita nake sawa tun ina budurwa. Ina son wani abu daban ne da zan sa in ji daɗin jikina.

'Yar Nima: 'Yar uwa kada ki wahalar da kanki da tela. Ki shiga wajen masu gwanjo, fos ɗin nan namu, ranar da suka fasa dila da sassafe. Ni duk nawa a kasuwar Kantamanto ta Accra na tsince su, kuma akwai masu biskos da siliki na gaske, takardar tana jiki ki karanta da idonki. Ko da yake tun gobarar Janairun 2025 matar da nake saya wurinta ba ta farfaɗo ba, dilolinta duk suka ƙone, har yau bashi take biya. Ki nemi mai yankan bayas. Shi a karkace ake yanka yadin, sai ya riƙa miƙewa da kansa, ba zif ba matsi. Shi ne wanda kika gani jikin baƙuwar nan, na tabbata.

Anti Tela (Asawase): Bayas ga mai tiyata? A'a. Bayas yana miƙewa, gaskiya ne, amma duk inda tudu yake a jiki nan yake kwanciya ya nuna shi. Cikin da ake mata gori a kansa shi zai fara fitarwa. Sannan yana cin yadi, kuma in faɗin yadin inci 45 ne ba zai ba ki dogon siket ba sai da haɗi, sai mai inci 60. Bayan an haɗa sai an rataye shi awa 24 ya gama saki kafin a yi kalmasa, in ba haka ba gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na fos kuma na Turawa ne, yawanci a ƙwauri yake tsayawa, da tsaga. Nawa aka kawo mini in ƙara musu tsawo? Ba ya yiwuwa.

'Yar Nima: Anti akwai dogaye, sai dai in mutum bai iya zaɓe ba. Ni ma na haihu, kuma ina sawa.

Maman 'Yan Biyu (Sawaba): Ni maganar tela ce ma ba na son ji. Da ƙaramar Salla na kai wa wata satin ɗina mai tsada, ta riƙe shi har daren Salla, da na karɓo duk ɗinkin gefen ya tattare, kalmasar ta murɗe. Na ce ta gyara, ta farke, ramukan allura suka fito reras. Ragowar yadin kuma ta ce babu, bayan Salla na ga ɗankwalinsa a kan 'yarta. Har gidan mijinta na je, aka ce in yi haƙuri. Kullum mu ne masu haƙuri.

Anti Tela (Asawase): Wannan ba ta san satin ba ne. Allura siririya ake sawa, lamba 9 ko 11, sabuwa, a sassauta zaren keke, a yi ɗinki biyu mai rufe baki don yana tsefewa. Kuma ba a farke shi, inda allura ta shiga ta shiga ke nan. Amma ku ma masu kawo ɗinki ku ji tsoron Allah. Mace ta kawo yadi saura kwana 3 Salla, ta nuna hoto a waya na wadda ba jikinsu ɗaya ba, ta biya rabi, ta karɓi kaya ta ɓace. Akwai wadda kuɗina yake hannunta tun Sallar layya, tana wuce shagona a pragya tana kau da kai. Wutar lantarki a ɗauke, kuɗin shago, yaran da nake koya wa aiki, duk a kaina.

Mai Jego (Aboabo): Anti, yadin ma yana hannuna. Na saya a Kejetia tun satin da ya wuce, yadi 3, ruwan madara mai ɗan zinariya, irin na baƙuwar. Na gwada ashanar yanzu, ya narke ya dunƙule. Amma mai shagon ya ce mai kyau ne, kuma da na taɓa shi sanyi gare shi. Wurin aikina akwai fanka, zama nake yi a kanta, kantin magani ne. Ba na jin zafi zai dame ni.

Anti Tela (Asawase): To da kin faɗa tun farko. Sanyin da kika ji a hannu santsi ne kawai, ki bari ki zauna a kansa. Ruwan madara kuma shi ne mafi tonon asiri: ɗigon ruwa ya nuna, gumi ya nuna a mazauni in kin tashi, manja ko man waakye (shinkafa da wake) ya ɗiga sai Allah. Kuma in mara nauyi ne ana hango ƙafa in kin tsaya a rana. Wannan na biki ne. Ki ajiye shi na fita, ki sayi mai duhu na aiki.

Mai Jego (Aboabo): Ba ni da halin sayen wani yanzu, kuma ba a mayar da yadin da aka yanka. Duhun kaya kuma na gaji da shi, tun ina da ciki baƙar abaya nake ja. Kalar tana tafiya da duk rigunana, shi ya sa na ɗauke ta. Ni ba mai yawan gumi ba ce.

Auta: Yaya ki yi shi abinki, ki sa fatari na auduga a ciki, ki riƙa wanke fatarin kullum. Kada ki bari a yi masa shafi na foliyesta, zafin ninkuwa zai yi. Da hunturu kuma yana mannewa a ƙafa yana ƙara tas-tas, sai ki shafa man kaɗe sosai kafin ki sa.

Anti Tela (Asawase): Man kaɗe a ƙarƙashin satin mai haske? Tabon mai zai fito ta waje. In za ta shafa, ta bari ya shige jiki tukun. Wanki da hannu, ruwan sanyi, a juya bayansa, a shanya a inuwa. Guga ta baya, wuta kaɗan, kuma ko an ɗauke wuta kada ki kusance shi da dutsen gawayi, tartsatsi ɗaya ya huda shi. Yanzu ki gaya mini, yadin da za a yi wa wannan hidimar shi ne na kullum ga mai jariri?

Hajiyar Alabar: Abin da na faɗa ke nan tun ɗazu. Kuma ba wanda ya yi maganar goyo. Zanin goyo a kan abu mai santsi zamewa yake yi, ga ƙafar yaro tana gogar ƙugu, ga tumbuɗi.

Mai Jego (Aboabo): Wurin mahaifiyata zan riƙa barinsa, daga gidanmu zuwa can ba nisa, a kan riga kuma goyon yake zama ba a kan siket ba. Ni dai tambayata yanzu, tunda yadi 3 ne, zai isa a yi bayas ɗin? Don gaskiya shi na gani, shi nake so.

Amaryar Tafo: Inci nawa ne faɗinsa? Ki auna ki faɗa.

'Yar Nima: Zai isa mana, in 60 ne.

Anti Tela (Asawase): Ni dai ba zan sa almakashina a bayas ga mai ɗanyen tabo ba. Ki kawo shi in gani da idona, amma na gaya miki abin da zan yanka.

Maman 'Yan Biyu (Sawaba): Duk wadda za ki kai wa, ki auna yadin a gabanta, kuma ki ce ragowar taki ce.

Mai Jego (Aboabo): Ba ni da tef a gida, sai gobe in na aro. Akwai wadda ta san telar da ta iya bayas a wajen Aboabo ko Asawase, wadda za ta gama kafin ƙarshen wata?