Shin kallon abu a dunƙule ilimi ne ko salon zance?

Nafisa:
Assalamu alaikum. A darasin falsafar kimiyya an gabatar mana da ra'ayin holizim, wato kallon abu a dunƙule, inda ake cewa abu cikakke ya wuce jimillar sassansa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan an tara sassan abu duka ba a bar ko ɗaya ba, daga ina ƙarin zai fito? Akwai magana ta ilimi a ciki, ko kuwa wata hanya ce ta cewa komai yana da alaƙa da komai?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Malama Nafisa. Ƙarin da kike tambaya ba wani ɓoyayyen sashe ba ne, tsari ne da dangantakar da ke tsakanin sassan. Jan Smuts, ɗan siyasar Afirka ta Kudu, shi ya raɗa wa ra'ayin suna a littafinsa na 1926, amma tunanin ya girme shi nesa ba kusa ba, domin tun zamanin Girkawa Aristotle ya bambanta tsibin abubuwa da abin da haɗuwarsa ta zama wani abu na kansa.

Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne wanda masanin falsafa Christian von Ehrenfels ya kawo a 1890. Idan aka rera waƙa, sannan aka sake rera ta da murya mafi ɗagawa, kowane sauti a cikinta ya canja, amma mai sauraro zai gane ta nan take. Ashe ke nan abin da kunne yake riƙewa shi ne tazarar da ke tsakanin sautuka da yadda suke bin juna, kuma wannan ba ya cikin sauti ɗaya idan aka ware shi.

Dakta Aliyu:
Malam Habibu ya yi bayani mai kyau, amma ina da ja. Mafi yawan ci gaban kimiyya ya samu ne ta hanyar rarraba matsala zuwa ƙananan sassa, kamar yadda masanin falsafa Bafaranshe Descartes ya ba da shawara a 1637, kuma da wannan hanyar aka gano siffar ƙwayar gado ta DNA a 1953. Abin da nake gudu shi ne yadda masu tallar magungunan da ba a gwada ba suka mayar da kalmar holizim mafaka, suna cewa suna warkar da mutum gaba ɗaya don kada a tambaye su hujja.

Malama Rakiya:
Dakta, gargaɗinka a kan masu talla yana kan hanya, sai dai laifin nasu ne, ba na ra'ayin ba. A 1958 hukumomin ƙasar Sin suka ƙaddamar da yaƙi da ɓeraye, ƙudaje, sauro da tsuntsun gwara, bisa hujjar cewa gwara tana cinye hatsi. Jama'a suka fito suna kaɗa ganguna da tukwane don hana tsuntsayen sauka, har su faɗo ƙasa saboda gajiya, ana kuma farfasa ƙwai da rusa sheƙa. Hujjar gaskiya ce, amma rabi ce, domin gwara tana cin ƙwari ma. Da ta yi ƙaranci sai fara da sauran ƙwari suka yi wa gonaki dirar mikiya, abin da ya ƙara tsananta yunwar da wasu dalilai da dama suka haddasa a shekarun. A 1960 aka cire gwara daga jerin, aka sa kuɗin cizo a gurbinta. Wanda ya san jikin gwara ciki da waje, amma bai duba matsayinta tsakanin hatsi da ƙwari ba, ba zai hango wannan ba.

Nafisa:
Na gode ƙwarai. To amma idan kowane abu yana cikin wani babban tsari, a ina mai bincike zai tsaya?

Malam Habibu:
Tambayar da yake son amsawa ita ce za ta shata masa iyaka. Likitan da ke son sanin yadda sinadarin insulin, mai daidaita sukarin jini, ke aiki, nazarin ƙwayoyin jiki ya ishe shi. Amma idan abin da ke gabansa shi ne dalilin da sukarin wani majinyaci ya ƙi sauka duk da an rubuta masa magani daidai, dole ya tambayi abin da yake ci, ko yana iya sayen maganin, yadda barcinsa yake, da damuwar da ke ransa. Wannan faɗaɗawar ce likitan nan ɗan Amurka George Engel ya yi kira gare ta a 1977, kuma ina ganin Dakta Aliyu ma haka yake yi a ɗakin duba marasa lafiya, ko da bai kira shi da wannan sunan ba.