Neman kalma: rigunan masu kurme a ruwan sanyi

Hadiza: Assalamu alaikum malamai. Gobe bayan La'asar za mu ɗauki shirin kimiyya a rediyo nan Katsina, kan masu kurme da tukunyar iska a tekuna masu sanyi irin na Ingila. Kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya: wetsuit da drysuit. Ta farko matsattsiyar roba ce, ruwa kaɗan na shiga tsakaninta da fata, jiki ya ɗumama shi. Ta biyu ko ɗigo ba ta bari, a toshe take ta wuya da wuyan hannu, kayan sanyi ake sawa a ciki. A taimaka don Allah.

Lawal: Jiƙaƙƙiyar rigar ruwa da busasshiya.

Binta: Yaya Lawal, rigar ruwa ai ta damina ce, duk wanda ya ji lemar jiki zai ɗauka. Kuma dukansu jiƙewa suke daga waje. Mutumin ne a bushe, ba rigar ba.

Malam Sada: Ku daina wahala, muna da su tun kaka da kakanni. Ta farko lifidin ruwa, mai kauri mai riƙe ɗumi. Ta biyu sulken ruwa, mai kare jiki. Duk yaron da ya taɓa kallon hawan sallah a Ƙofar Soro zai gane.

Kabir: Allah ya gafarta malam, lifidin ya zauna, amma sulke duk huda ne, ruwa ratsa shi zai yi. Na yi aiki da rigunan nan biyu. Robar ta farkon cike take da ƙananan kumfar iska kamar soso, su ne ainihin masu riƙe zafin. Kaurinta milimita 3, ko 5, ko 7. Kowace mita 10 da ka nutsa nauyin ruwa na ƙara matse kumfar, rigar ta yi siriri, sanyi ya fara cin ka. Shi ya sa in ruwa ya yi ƙasa da digiri 10 akasari ta biyun ake sawa. Ita kuma sai da horo. Akwai maɓalli a ƙirji da kake hura mata iska daga tukunya, da mafita a dantse. In iskar ta gudu ƙafafu sai ta kifar da mutum, ta yi sama da shi da gudu, wannan kuwa yana iya kisa. Sunan da za a sa dole ya nuna ruwa na shiga ko ba ya shiga.

Malam Sada: Ka ji abin da nake faɗa. Roba, milimita, digiri, a magana ɗaya. Haka ake cinye harshe muna kallo.

Binta: Malam, lifidin ma daga Larabci muka aro shi.

Malam Sada: Aron da ya shekara ɗaruruwa a gida ya zama ɗan gida, 'yata.

Alhaji Mamman: Ni kurmen ma ban gamsu ba. Nutso muke cewa. Kuma in za a raɗa wa abu suna a Hausa, a fara tambayar Daura.

Lawal: Ranka ya daɗe, Daura uwa ce ba musu, amma ilimi a masallacin Gobarau na Katsina aka zauna aka yi shi.

Alhaji Mamman: Dukanku Hausar Kano kuke karantawa a rediyo, ba wanda ya ɗaga murya.

Hadiza: Iyayena, ku yi haƙuri, lokaci na tafiya. Nutso yana iya zama na wanda ruwa ya ci, masu saurare na kusa da madatsar Zobe da ta Jibiya sun san wannan baƙin labarin. Kurme kuwa da gangan ake yin sa. Shi zan riƙe.

Kabir: To ta biyun a ce hana-ruwa. Rigar kurme hana-ruwa.

Binta: Ta yi, tana da daɗin faɗa. Ta farkon sha-ruwa?

Kabir: A'a, sai a zaci tsotse ruwan take. In ta yi sako-sako ma ruwa na shiga yana fita, ba ta da amfani. Matsewar ce aikinta.

Hadiza: To na ɗauki hana-ruwa. Ɗayar zan ce matsattsiyar rigar kurme ta roba, in yi bayani sau ɗaya a farkon shirin.

Malam Sada: Wannan jimla ce, ba suna ba. Ki ambaci lifidin ruwa ko sau ɗaya, mu ji abin da masu saurare za su ce. Sulken na janye, amma ban yarda da robar ba.