Antibodin gano alfa-1 antitirifsin: layi uku a kan blot, wanne ne na gaske?

Hadiza U.: Assalamu alaikum malamai. Masu aiki da antibodin alfa-1 antitirifsin na ɗan Adam, wato furotin da ƙwayar halittar SERPINA1 ke samarwa, don Allah kowa ya faɗi abin da yake gani a Western blot, gwajin da ke raba furotin bisa nauyi a jel. Takardar kamfani ta ce layi ɗaya a wajen 52 kDa (ma'aunin nauyin furotin), amma ruwan wankin huhu yana ba da uku: ɗaya kusan 80, ɗaya 52, ɗaya ƙasa da shi kaɗan.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Kada ki yi saurin ɗora wa antibodin laifi, wataƙila duk ukun na gaske ne. Aikin furotin ɗin shi ne kama elastes, wani enzayim na fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil, kuma in ya kama shi sukan ƙulle ta yadda SDS, sinadarin da ke warware furotin, da tafasawa ba sa raba su. Elastes kusan 29 kDa ne, to ga na 80 ɗin nan. Na ƙasan kuwa wanda aka datse wa madaukin da yake kama elastes da shi ne, guntun kusan 4 kDa ya fita daga jelarsa. Ki gauraya tsarkakken furotin da elastes, biyu ga ɗaya, minti 15 a digiri 37, ki loda shi kusa da samfurinki. Sannan ki duba wane yanki aka yi antibodin a kansa. In na jelar ne, ba zai ga datsattsen ba, ba zai ga haɗaɗɗen ba, sai a yi zaton babu su.

Dakta Rabi: Gaskiyar Malam ce. A ruwan jini kuma matsalar yawa ce, don lita ɗaya tana ɗauke da giram 1 zuwa 2. In ba a sirka sau ɗari ko fiye ba, albumin da ke 66 kDa sai ya danne layin ya karkace. A ELISA, gwajin auna yawan furotin, sirkin yakan kai sau dubu ɗari. Samfuri mai kauri yana iya ba da adadi ƙasa da gaskiya.

Auwal K.: Ƙwayoyin HepG2, na hantar ɗan Adam da ake reno a ɗakin gwaji, suna fitar da shi, su ne shaidar da nake lodawa. Amma a wanke su, a bar su awa 24 a ruwan reno marar siram, don siram ɗin saniya yana da nasa irin, kuma antibodi polikulonal, wato gaurayen da ke kama wurare da yawa a jikin furotin, kan kama shi. Na cikin ƙwaya yana ɗan gudu fiye da wanda ya fito waje, saboda sukarin da ke wurare uku a jikinsa bai gama gyaruwa ba. Cikin enzayim masu cire sukarin, Endo H na cin na ciki kawai, PNGase F na sauko da duka biyun zuwa wajen 45. Masu janyo shi da antibodi kafin jel su kula: babbar sarƙar IgG, wato antibodin kansa, tana 50 kDa, kan layin take zama daram. Antibodi na biyu mai kama ƙaramar sarƙa kaɗai shi ne maganin wannan.

Malama Sadiya: In nau'in Z na furotin ɗin ne, mai canjin Glu342Lys da ke sa shi dunƙulewa, jel mai SDS ba zai nuna miki komai na dunƙulewarsa ba, yana warware su duka. Sai jel marar SDS, ba tafasawa, da antibodi monokulonal (mai kama wuri ɗaya tak) 2C1 da ke gane dunƙulallen kaɗai. Don shaida, dumama nau'in M, wato na al'ada, a digiri 60 na 'yan awanni, zai fito hawa-hawa kamar tsani. Kuma kada a zubar da lakar da ta kwanta bayan juya samfurin hanta, da yawansa a can yake.

Hadiza U.: Na gode ƙwarai. Na duba, nawa polikulonal ne na zomo, a kan cikakken furotin aka yi shi. Zai yi a hantar ɓera mai ɗauke da ƙwayar halittar ɗan Adam?

Malama Sadiya: Ɓera yana da nasa Serpina1 har kashi-kashi, kuma suna kama da namu. Ki loda hantar ɓeran da ba a taɓa ba a gefe. In layi ya fito a can, ki koma monokulonal da aka tabbatar na ɗan Adam kaɗai yake kamawa.