Gidanmu na gado a Makka: shin mu ba masu Umara hayarsa?

Ɗan Rusaifa:

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa. Ina neman shawara a kan wata magana da ta hana 'yan gidanmu sakat. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana bene mai hawa uku a unguwar Rusaifa, ba nisa da tashar jirgin ƙasa na Haramain. Mahaifiyarmu tana zaune a ƙasa, babban yayanmu da iyalinsa suna tsakiya, sama kuwa yana rufe tun da ƙanwarmu ta yi aure ta koma Jidda. Tun da jirgin ya fara aiki a 2018 unguwar ta canza, kuma maƙwabta da dama sun mayar da gidajensu masaukin baƙi na 'yan kwanaki, suna tallata su a manhajoji irin su Gathern da Airbnb.

Yayana yana ganin mu ma mu yi haka, amma da gidan gaba ɗaya: a watan Ramadan kowa ya kwashe ya tafi Jidda, har da Hajiya, a ba masu Umara hawa ukun, domin abin da za a samu a goman ƙarshe kaɗai zai rufe gyare-gyaren da gidan yake buƙata. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Takardar mallakar gidan har yanzu tana da sunan marigayi, a cikin magada akwai yara biyu na wani ɗan'uwanmu da ya rasu bayan mahaifinmu, ita kuwa Hajiya da aka yi mata maganar sai ta ce mu yi abin da muka ga ya dace, ta yi shiru. Me hukuma take buƙata, me shari'a ta ce, kuma waɗanda suka taɓa yi yaya suka ga abin?

Mazaunin Aziziyya:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara da takardu, domin idan ba su daidaita ba sauran maganar duk ba ta taso ba. Hayar 'yan kwanaki ga baƙi tana ƙarƙashin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido, kuma tana da tasrihinta, wato takardar izini, na musamman da ake nema ta shafin ma'aikatar. Daga 1 ga Janairun 2025 aka hana manhajojin kama masauki su tallata wurin da ba shi da wannan izini, saboda haka wanda ya ce maka ya sa hotunan gidansa kawai ya fara karɓar baƙi yana ba ka labarin shekarun baya ne. Za a nemi hujjar mallaka, kuma a nan matsalarku take. Sai kun fitar da takardar ƙididdige magada, sannan kowane baligi a cikinku ya ba mutum ɗaya wakilci a rubuce ta manhajar Najiz ta Ma'aikatar Shari'a, waliyyin yaran nan biyu kuma ya tsaya a madadinsu. Bayan haka akwai shigar da bayanan kowane baƙo a tsarin Shomoos na Ma'aikatar Cikin Gida, kamar yadda otal-otal suke yi.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne Umara daban, Hajji daban. Saukar da alhazai yana da izininsa na dabam, da binciken injiniyoyi da sharuɗɗan Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da agajin gaggawa, a kan hanyar fita da na'urorin kashe gobara. Bayan aikin Hajjin 2024, wanda hukuma ta ce mutum 1,301 suka rasu a cikinsa, kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da tasrihi, an tsananta sosai. A 2025 an sanar da tarar da za ta iya kai riyal 100,000 ga duk wanda ya ba masu bizar ziyara masauki a Makka tsakanin 1 ga Zulƙida da 14 ga Zulhajji. Mu Hausawa mun fi kowa shiga wannan haɗari, domin wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa a wannan lokaci sau da yawa ɗan garinku ne da kake jin kunyar kora.

Hajiya daga Jarwal:

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka lura da shirun mahaifiyarka. Uwa idan ta ce wa 'ya'yanta su yi abin da suka ga ya dace sannan ta kawar da kai, to ba amincewa ta yi ba, kunyar hana su abin da suke so ce ta kama ta.

Ni a cikin wannan sana'a na tashi. A da, kafin manyan otal-otal su kewaye Harami, yawancin gidajen Jarwal da Misfala da Shari' Mansur haka suke yi: da zarar alhazai sun fara sauka, sai a tattara kaya a kulle a ɗaki guda, iyali su hau soro su kafa rumfa, a bar wa baƙin Allah ɗakunan. Kuɗin wannan wata shi ne cefanen shekara a gidaje da yawa, kuma ba wanda yake ganin abin kunya ne. Amma ka lura, ba ma barin gidan. Mahaifiyata tana saman soro tana jin duk motsin da ake yi a ƙasa. Idan famfo ya lalace ita ce ta farko da za ta sani, idan wata tsohuwa ta kwanta ciwo ita za ta dama mata kunu ta sauko da shi. Baƙin kuma suna ganin masu gida, shi ya sa suke kiyaye gidan. Abin da yayanka yake nufi wani abu ne dabam, wato a miƙa mabuɗi ga mutanen da ba a taɓa gani ba, kowa ya yi tafiyarsa.

Ka yi tunanin ɗakin Hajiya da kyau. A nan akwatunan da ta zo da su gidan aure suke, da kwanukan da ba ta bari kowa ya taɓa, da shimfiɗar sallar da mahaifinku yake zama a kai, da Alƙur'aninsa mai alamar inda ya tsaya. Za a kwashe duk wannan a cusa a sito, wasu su kwana a kan gadonta, ta dawo bayan sallah ta tarar da ƙamshin turaren da ba nata ba da tabon shayi a kan darduma. Kuɗi zai gyara darduma, amma tsohuwa takan daɗe ba ta sake sakewa a ɗakinta ba. Sannan a wane wata za a fitar da ita? A Ramadan, watan da mutane suke sayar da gona a Kano da Damagaram domin su zo su yi kwana goma a garin da take zaune. Ita da take da maƙwabtan da suke aiko mata da buɗa-baki, da masallacin unguwa da ta saba yin tarawihi a cikinsa, a ce ta tafi Jidda ta zauna a falon suruki domin baƙi su samu ladan da ita za ta rasa? Ban ga dacewar wannan ba ko kaɗan.

Kuma ita ba baƙuwa ba ce a gidan. Tana da tumuninta a cikinsa, kashi ɗaya cikin takwas, don haka tambayarta ba alfarma ba ce. Kada ku tambaye ta a gaban taro. Ka sa ƙanwarku ko wata aminiyarta ta zauna da ita su biyu, za ka ji amsar gaskiya. Shawarata ita ce ku tsaya a hawan sama da yake a rufe, ku bar mata ƙasanta, yayanka ma ya zauna a inda yake domin a samu namiji a gidan.

Ɗalibi a Madina:

Malam, game da hukunci, malamai sun yi saɓani tun da can a kan hayar gidajen Makka. Waɗanda suka ƙi sun kafa hujja da aya ta 25 a Suratul Hajji, wadda ta daidaita mazauni da baƙo a Masallaci Mai Alfarma. Imam Shafi'i ya halatta, yana mai hujja da cewa Sayyidina Umar ya sayi gidan Safwan ɗan Umayya a Makka, abin da yake nuna gidajen mallakar masu su ne. A kan halascin ake tafiya a yau, sai dai saɓanin ya isa ya sa mutum ya ji nauyin tsawwala wa baƙon Allah farashi.

Inda na fi jin tsoro shi ne rabon kuɗin. Tunda ba a raba gidan ba, duk riyal ɗin da ya shigo na magada ne baki ɗaya gwargwadon rabonsu, ko da hawa ɗaya aka bayar. Babba yana iya yafe nasa, amma ba wanda yake da ikon yafe na marayu. A ware nasu a rubuce, haka kuma abin da za a cire domin gyara, da ladan wanda zai riƙa kula da baƙin, a yi yarjejeniya a kansu tun kafin baƙo na farko ya shigo.

Mai gidan haya a Kudai:

Da izinin Hajiya ta Jarwal, ni ina ganin ko hawan saman ma sai an yi lissafi kafin a sa shi a wannan harka. Mutane suna kallon farashin goman ƙarshe su ninka shi da kwanakin shekara, alhali kasuwar ba haka take ba. Bayan sallah ƙarama takan faɗi, daga farkon Zulƙida an rufe wa masu bizar Umara, sai bayan Hajji a sake buɗewa, a tsakiyar zafi kuma baƙi suna raguwa. Rusaifa ba a zuwa Harami da ƙafa cikin sauƙi, saboda haka kana gasa ne da otal-otal masu motocin da suke kai mutane kyauta.

Kashe kuɗin ma ba kaɗan ba ne. Baƙo yakan bar na'urar sanyaya ɗaki a kunne ya tafi Harami tun la'asar har bayan tahajjud. Wutar gida ana biyan halala 18 (halala ɗari ce riyal ɗaya) a kan kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30, don haka idan mita ɗaya ce a gidan kowa zai ji a jikinsa. Ga wankin zannuwan gado, ga mai shara bayan kowane baƙo, ga kason manhaja, ga wayar da za ta tashe ka ƙarfe uku na dare saboda ruwa ya ɗauke. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: ranar da dangi na Najeriya da Nijar suka ji kuna da masauki, za a fara kiranku a ce ga kawu nan tafe da mutum biyar, kuma a daidai kwanakin da kuɗin yake. Ku yanke tun yanzu wa za a karɓa kyauta, a wane lokaci, kuma daga rabon wa za a cire. Ni da na gwada duka biyun, hayar shekara ga iyali guda da kwantaragi a tsarin Ejar na rajistar haya na gwamnati ta fi kawo kwanciyar hankali, ko da kuɗinta bai kai ba, kuma ga tsohuwa a ƙasa maƙwabci sananne ya fi baƙin fuska kowane mako.

Ɗan Rusaifa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, mun yi yadda kika ce. Ƙanwata ta zauna da mahaifiyarmu, kuma amsar ita ce ba za ta yi azumi a wajen Makka ba muddin tana da rai, amma ba ta ƙi a ba da sama ba idan iyalai ne kawai za su shiga. Yayana bai ji daɗi ba da farko, daga baya ya sauko da na nuna masa lissafin wuta da watannin da gidan zai zauna babu kowa. Mun fara neman takardar magada da wakilci, kuma za mu nemi a sa wa hawan sama mitarsa ta daban, domin ko wace hanya muka bi ana buƙatarta. Tsakanin hayar shekara da ta 'yan kwanaki ba mu yanke ba tukuna. Mun bari sai waliyyin yaran ya iso daga Jidda, a zauna da shi a gaban mahaifiyarmu.