Taƙaitaccen Bayanin Shawarwari kan Yaɗa Aiki daga Gida

Mahalarta wata tattaunawa kan yadda za a yaɗa aiki daga gida sun yi ittifaƙi cewa tun annobar korona ta 2020 ma'aikata sun san amfanin aiki daga gida, saboda haka gangamin wayar da kai ya fi dacewa ya nufi shugabannin ma'aikatu, waɗanda da yawansu ba sa yarda ana aiki sai sun ga mutum zaune a kan kujerarsa.

An ba da misali da Japan, wadda ta keɓe ranar 24 ga Yuli, 2017 domin kamfanoni su gwada barin ma'aikatansu su yi aiki daga gida, da nufin rage cunkoson jiragen ƙasa a Tokyo kafin gasar Olamfik. An ce gwaji irin wannan ya fi dogon jawabi shiga kunne, domin shugaba zai buɗe kwamfutarsa da yamma ya tarar an aiko da rahoton da yake jira, alhali ofis babu kowa.

Batun ba kamfanoni lambobin yabo kan aiki daga gida ne ya fi jawo muhawara. Wasu sun yi gargaɗin kada a karrama kamfani saboda tsarin da ya rubuta a takarda kawai. A tambayi ma'aikatansa a asirce: shin ana biya musu kuɗin intanet? Shin ana mantawa da su lokacin ƙarin girma? A ganina, tambaya ta biyu ta fi nauyi. An kuma nemi alƙalan ba da lambobin yabon su duba ko ana kiran ma'aikaci bayan lokacin tashi, matsalar da Faransa ta yi wa doka tun 2017.